Dona Osmarina da Tusar Tafki

Duk wanda ya zauna a tsibiran tafkinmu ya san Dona Osmarina, kuma da yawansu sun san ta ne ta hanyar da ba su so ba. Ni na fi kowa shan hannunta, don maƙwabta muke tun muna 'yan mata a Tauari, ita ce kuma ta riƙe 'yata ta fari ranar baftisma. Tun daga ranar muka daina kiran sunan juna, sai dai kumadi. Nauyin da ke tsakanin kumadi da kumadi bai taɓa hana ta sa mini kwaɗo a tukunyar ruwan sha ba.

Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, fuskarta kullum kamar ta mai jiran a fara addu'a. Da wannan fuskar take cin kasuwarta. Za ta ƙulla maka abu, ta tsaya a gefenka tana taya ka neman wanda ya yi, har da girgiza kai. Tana ƙarama ta ɗinke ƙafafun wandon babanta ranar da zai je biki. Yayanta ne ya sha bulala, ita kuma ta ɗebo masa ruwa ya wanke fuska.

Mijinta, Seu Deusdete, mai tsintar kastanya ne a daji, ƙwayar nan mai kama da gyaɗa da ke faɗowa daga manyan itatuwa, mutum mai sanyi wanda ba ya faɗa da kowa. Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, gashin bakinsa. Yana shafa masa mai, yana taje shi, kuma ba ya magana sai ya murɗa ƙarshensa. Da yake murɗawar tana cin lokaci, sau da yawa kafin ya buɗe baki an wuce zancen.

Suna da 'ya'ya uku lokacin da aka datse kogin. Kamfanin wuta ya ce za a sare dajin kafin ruwa ya hau. Ɗan kwangilar da aka ba aikin ya sare ɗan abin da ke bakin hanya, ya kwashe katakon, ba a sake ganinsa ba. Ruwa ya hau dajin yadda yake, da itatuwansa da gonakin rogonmu da maƙabartarmu. Aka kwashe mutane zuwa sabon gari a bakin titi. Osmarina ta je ta ga gidajen a jere, duk iri ɗaya, babu kogi ko na wanke hannu, ta dawo ta ce ita ba kaza ba ce da za a sa ta a akurki. Gida bakwai muka bi ta muka hau tudun da Deusdete yake tsintar kastanya. Kafin damina ta ƙare tudun ya zama tsibiri.

Shekarun farko ruwan ya yi baƙi kamar kofi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sauro kuwa har kaji sai da suka rame. Itatuwan suka mutu a tsaye, suka zubar da ganye da rassa, suka bar kututtura farare iya ganinka, muna ce musu tsinken sakace. Manyan wayoyin wuta suka bi ta saman kanmu zuwa masana'antu can bakin teku, suna ta ƙugi, mu kuma muna ƙarƙashinsu da fitilar gwangwani. Deusdete ya koma kamun kifi, don kastanya ta nutse.

Wata rana da rani, ruwa ya ja baya, suka fita su biyu a kwalekwale. Ina bakin ruwa ina wanki na hango su suna dawowa tun rana ba ta yi tsaka ba. Osmarina ce ke tuƙi. Deusdete yana zaune a gaba ya rufe baki da hula.

"Lafiya, kumadi?" na ce.

Ta ɗaure kwalekwalen a natse. "Lafiya lau. Kamfani ne ya aiko wa mijina wanzami."

"Osmarina," in ji Deusdete daga bayan hula.

"Cire hular ka nuna mata. Ai kyauta aka yi maka."

Da ya sauke hular sai da na zauna a kan dutsen wanki. Rabin gashin bakin babu shi, ɗaya rabin ya nannaɗe kamar gashin masarar da aka gasa. Girar hagu ma ta bi. Abin da ya faru shi ne, dutsen da yake ɗaure kwalekwale da shi ya kafe a laka. Ya ja da ƙarfi, dutsen ya fito, sai ruwa ya fara ɓulɓul a gefensu kamar tukunya a kan wuta. Ya sunkuya ya ga ko kifi ne, sigari a baki, ya ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta tashi daga kan ruwan ta lashe masa fuska ta mutu.

Osmarina ta shafa masa mai, ta dafa masa romon kifi, ta yi masa sannu ya fi a ƙirga. Amma ba ta iya kallonsa. Duk lokacin da hannunsa ya tafi zai murɗa abin da babu, sai ta ce za ta duba kaji, ka ji ta a bayan gida tana shiɗewa.

Sauran mutane tsoro suka ji. Wasu suka ce matattun da aka bari a ƙarƙashin ruwa ne suke fushi. Osmarina kuwa washegari ta ɗauki gora da ashana ta koma wurin. Ta soka gorar a laka, kumfa ya taso, ta ƙyasta daga nesa, ya kama. Ta matsa gaba ta sake, ya sake kamawa. Ta dawo gida idonta yana ƙyalli.

"Kumadi, tafkin nan ya ci daji guda bai tauna ba. Cikinsa ne ya kumbura. Tusa yake yi."

Sunan da ya bi abin ke nan har yau. Ba ta tsaya nan ba. Ta huda gindin tsohon baho, ta sa masa tiyo, ta haɗa da tub ɗin tayar tarakta da ɗanta ya samo mata a gari. Sai ta kifa bahon a kan ruwa, ta zunguri laka da gora, tub ya cika ya yi tamtsam. Ta kawo gida ta haɗa da kan wani mataccen risho, ta ɗora dutse a kan tub ɗin. Ba ya isa dafa wake, amma yana tafasa kofi. Baƙo in ya zo sai ta bari ya sha ya yaba, sannan ta faɗa masa da abin da aka dafa.

Lokacin zaɓe kuwa muna da baƙo na dindindin, Seu Belarmino, mai neman kansila. Duk zaɓe sai ya zo a jirgin ruwa mai inji, da farin wando da lasifika, ya yi mana alkawarin wuta. A wannan shekarar jirginsa ya tsaya a mashayar gidan Osmarina, inda ruwa bai kai ƙugu ba, laka kuwa ta fi mutum zurfi. Mutanen tsibirai huɗu suka taru a bakin gaɓa da cikin kwalekwale. Ya hau gaban jirgin ya fara. Osmarina tana zaune a kwalekwalenta daidai bayansa, ta kafa gora kamar mai hana ruwa ya tafi da ita.

"'Yan'uwana, bana ba baɗi ba, za ku ga wuta a tsibiran nan."

Ta danna gorar. Ruwa ya yi gurrr a ƙarƙashinsa, wari ya taso ya bi iska ya shiga cikin jama'a. Yara suka toshe hanci. Belarmino ya yi tari ya ci gaba. Da ya sake ambaton wuta ta sake dannawa. A karo na uku tsohon da ke riƙe masa lema ya ja da baya.

Sai ga muryar Osmarina, cike da tausayi. "Seu Belarmino, in cikin ne, akwai bayan gida can bayan mangwaro. Mu jira ka."

Ya manta lasifika tana bakinsa. "Ba ni ba ne, Dona. Ruwan ne."

"Haka mijina ma yake cewa."

Taron bai sake haɗuwa ba. Daga ranar sunansa ya koma Ba-Ni-Ba-Ne, har a gari, har matarsa an ce tana kiransa da shi in sun yi faɗa. Sai dai ya ci zaɓen duk da haka, kuma da aka ba shi janareto guda ya kai tsibirai, sai ya wuce namu ya kai wa na gaba. Mutane suka ɗau fushi da Osmarina. Aka daina aiko mata da asai, 'ya'yan itacen nan da muke damawa mu sha, mata suka riƙa sauya wurin wanki in ta zo. Ta jure wannan, don ta san da gaskiyarsu. Abin bai huce ba sai da janareton ya mutu a wata na biyu.

Bayan wasu shekaru Dotora Ivanise ta zo. Daga jami'a take a Belém, siririya mai tabarau, ba ta fi sa'ar 'yar Osmarina ta fari ba. Ta sauka da akwatuna da manyan mazurarai na ƙarfe da 'yan kwalabe da sirinji. Tana neman gidan da za ta rataya ragar kwanciyarta da wanda zai riƙa tuƙa ta. Kowa ya nuna mata gidan Deusdete, wasu da kyakkyawar niyya, wasu don su ga yadda za ta ƙare.

Ran farko Osmarina ta ba ta kofi, ta jira ta shanye, ta nuna mata tub ɗin. Maimakon ta yamutsa fuska, yarinyar ta durƙusa tana shafa tiyon kamar ta ga ɗan'uwanta.

"Tia, abin da na zo nema ke nan. Ke kin riga ni."

"Tusar kika baro Belém ki zo nema?"

"Mu metano muke ce masa. Amma sunanki ya fi daɗin faɗa."

Daga nan suka shaƙu. Ivanise tana ce mata tia, wato inna, tana cin garin rogo kamar a nan aka haife ta, sauro ya mai da ƙafafunta kamar fatar abarba ba ta damu ba. Deusdete ya kai ta suka kifa mazuraran nan a wurare daban-daban cikin tsinken sakace, kowanne an ɗaura masa jarkoki yana yawo, bakinsa a ruwa, kwalba a samansa. Kullum da hantsi su bi su ɗaya bayan ɗaya, ta zuƙe iskar da ta taru da sirinji.

Wata la'asar muna ɓare rogo, Osmarina ta tambaye ta me za a yi da iskar in an auna.

Ivanise ta ce, "Tia, in kin rufa da bargo, me yake yi miki?"

"Zafi."

"To iskar nan in ta hau sama haka take yi wa duniya. Ta fi hayaƙin mota riƙe zafi nesa ba kusa ba. Dajin da ya nutse yana ruɓewa, ciyawar da ke fitowa da rani ruwa ya sake rufe ta ita ma ta ruɓe, duk wannan iskar suke haifarwa. Wadda kike gani a nan ma kaɗan ce. Ruwan ƙasa ya shanye ta da yawa, in ya bi ta cikin injinan madatsa ya fita, sai ta tashi gaba ɗaya, kamar an buɗe lemon kwalba."

"Su kuma kamfani sun sani?"

"Su cewa suke wutarsu mai tsabta ce, ba hayaƙi. Haka suke rubutawa a allunansu."

Osmarina ta ajiye wuƙa. "In kika auna ya yi yawa fa?"

"Sai a rubuta, duniya ta gani."

"Su ji kunya."

"Wataƙila."

Na ga yadda fuskar kumadi ta koma ta addu'a, na san an ƙulla wani abu. Ban dai san mene ne ba.

Ba a daɗe ba mazurarai ukun da ke kusa da gidan suka fara cika har suna ɗaga kwalba. Ivanise ta riƙa dawowa da murna, ba ta ko tsayawa cin abinci sai ta zauna kan lissafi. Ta ce ba ta taɓa jin inda aka samu irin wannan ba. Osmarina tana zuba mata romo tana cewa ai tafkin namu ba ya wasa. Ni dai na lura kumadi ta fara fita duba koma tun gari bai gama wayewa ba, ita da ta tsani sammako in ba na coci ba.

Haka aka tafi har wajen wata guda. Sai wata ranar Litinin na shiga aron rariya na tarar suna cin abincin rana. Ivanise ta cire tabarau tana gogewa da bakin riga.

"Tia, na gano wani abin mamaki game da tafkin nan."

"Me kika gano, 'yata?"

"Ɗan coci ne. Ranar Lahadi ba ya tusa."

Deusdete ya tsaya da tauna. Kowa ya san ranar Lahadi tun da asuba Osmarina take haye ruwa zuwa coci, ba ta dawowa sai azahar.

"Ikon Allah," in ji Osmarina.

"Kuma mazurarai uku ne kaɗai suke hutun Lahadi. Na shiga ruwan jiya na duba ƙarƙashinsu. Lakar duk ramukan gora ce."

Na ɗauka dariya za a yi. Osmarina ma haka ta ɗauka, har ta fara murmushi tana cewa ai taimako ne, in tafki yana jin nauyin baƙuwa dole a ɗan zungure shi. Amma yarinyar ba ta yi dariya ba.

"Kin san mutum nawa kamfani yake biya don su nemo kuskure ɗaya a aikina? In suka samu ƙarya guda, duk gaskiyar da ke ciki ta tafi, har da ta waɗanda suka auna kafin ni. Za su ce ga irin masu binciken nan, tsohuwa ce ke zungurar musu laka. Wata guda na yi sauro yana cina. Duk na gefen nan zubar da shi zan yi, kuma rani ya kusa ƙarewa."

Ta tashi ta fita bakin ruwa. Ina nan tsaye da rariya a hannu. Osmarina ta tattara kwanuka, ta wanke waɗanda ba a ci a ciki ba ma.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Osmarina ta ɗauki gorar ta ba ni ta ce in yi shanya da ita. Ta naɗa kanta mai gadin mazurarai. Masunci in ya matso kusa da ɗaya sai ta fito bakin gaɓa ta kore shi da zagin da ya haɗa har kakansa. Tana dafa wa Ivanise kifin tukunare mafi girma, tana tsince mata ƙaya kamar jaririya. Yarinyar tana ci tana godiya, amma ta daina cewa tia, ta koma Dona Osmarina. Wannan ya fi komai ci wa kumadi rai.

Sai wata rana Ivanise ta dawo daga gari, inda take zuwa buga waya, fuskarta a ɗaure.

"Na faɗa wa shugabanmu abin da ya faru. Ya ce akwai hanya ɗaya da za a ceto aikin watan nan."

"Faɗe ta," in ji Osmarina. "Ko mece ce."

"Tunda hannun mutanen gida ya shiga awon, dole a auna iskar kowane mutum na gidan, a cire daga ta tafki. Haka dokar take."

Osmarina ta dube ta. "Iskar mutum?"

"Ai iri ɗaya ce, Dona. Ke kika fara faɗa."

"Deusdete fa?"

Deusdete ya murɗa gashin baki, wanda ya daɗe da dawowa, ya ce, "Ni na yi nawa jiya a kwalekwale. Ba zafi."

Mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba tun da suka yi aure. Shi ya kayar da ita.

Aka ce ta ci wake da ƙwai ta kwana. Washegari da hantsi Ivanise ta cire mazaunin wata tsohuwar kujera, ta zura mazurari bakinsa a sama, ta haɗa tiyo zuwa kwalba. Ta ce a ɗaki iska ba ta zagayawa, dole a yi a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro. Ba motsi, ba magana, sai rana ta yi tsaka. Osmarina ta gyara siket ta zauna a kai, hannu a cinya, kai a sama, kamar mai jiran a ɗauke ta hoto.

Aikin da aka ba ni shi ne sanar da jama'a, kuma na yi shi da zuciya ɗaya. Ban tsallake gida ba. Mutane suka fara wucewa ɗaya-ɗaya, wannan ya zo aron gatari, wancan yana neman akuyar da ba shi da ita. Kowa sai ya tsaya ya gaishe ta da ladabi. Mutanen tsibirin gaba suka zo a kwalekwale biyu. Ivanise tana zagaya ta, tana duba kwalba, tana girgiza kai.

"Har yanzu kaɗan ne. Ki ɗan ƙara ƙoƙari."

Gumi yana zubo wa kumadi. Wata tsohuwa da ta taɓa samun ƙadangare a cikin kwandon ɗinkinta ta jawo kujera ta zauna a gabanta, ta ce ita ba ta sauri. Osmarina ta bi fuskokin da ido ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga wanda bai taɓa shan hannunta ba. Idonta ya sauka kan mijinta. Yana jingine da turken rumfa, ya kama gashin baki da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa, hawaye yana bin kumatunsa.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe siket, ta zare kwalbar daga tiyo ta toshe bakinta da ɗan yatsa, ta miƙa wa Ivanise.

"Ungo. Ki kai wa shugaban naku. Ki ce gaisuwa ce daga tsibiri."

Tsakar gidan ta fashe. Deusdete ya zame ya zauna a ƙasa. Osmarina ta bar su suka yi har suka gaji, sannan ta dubi yarinyar sama da ƙasa ta ce da ni, "Kumadi, kin ga amfanin karatu. Ni da na yi wannan, da a ɗaki zan tsaya. Ban yi tunanin mangwaro ba."

Ivanise ta rungume ta ta ce, "Tia, an biya."

Aikin watan nan dai bai dawo ba, zubar da shi aka yi. Ivanise ta sake zuwa rani uku a jere, ta auna a tsibirai, ta auna a ƙasan madatsa inda ruwa ke fita. Da ta gama ta zo ta faɗa mana cewa tafkin bai buƙaci taimakon kowa ba, abin da yake fitarwa da kansa ya isa ya tayar da hankali, kuma a shekarun farko da ruwa yake baƙi tabbas ya fi haka. Osmarina ta ce ita dama ta san yaron nata, wato tafkin, zai yi abin kai.

Aka buga aikin, aka yi ta taro a kansa a manyan otal. Kamfani ya ce nasa masanan ba su yarda ba, na Ivanise suka ce a zo a auna tare, aka sake wani taron. Allunan wuta mai tsabta suna nan a bakin titi, sai dai in rana ta cinye fenti a sake shafawa. Kunyar da kumadi ta so su ji, in sun ji ta, ba a tsibiri suka ji ta ba. Wuta kuwa ta iso mana daga baya, lokacin da muka riga muka fid da rai, a wani shirin gwamnati da bai san da mu ba sai da ya zo kanmu. Abin da Osmarina ta fara saya firji ne. Ta ce ta gaji da shan ruwan da ya yi ɗumin jikin mutum.

Deusdete ya rasu shekara biyu da zuwan wutar, a ragarsa, bayan cin abincin rana, ba ciwo ba wahala. Ita ta taje masa gashin baki da hannunta kafin a rufe akwatin, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Bayan haka ƙafa ta fara ba ta wahala, shiga kwalekwale ya gagare ta, 'yarta ta zo ta ɗauke ta zuwa gari. Yanzu tana zaune a ɗaya daga cikin gidajen nan na jere, an dai ƙara masa ɗaki da baranda.

Watan jiya na je duba ta, na tarar 'yar tana faɗa. An kai ta asibiti awon sukari, aka ba ta 'yar roba ta kawo fitsari. Ta shiga bayi ta fito ta miƙa musu robar cike da tukupi, ruwan rogon nan mai rawaya da muke dafa agwagwa da shi. A jakarta ta ɓoye shi tun daga gida.

"Shekara tamanin, Mama, kina jawo mini magana a asibiti."

Osmarina tana kwance a raga, fuskar nan tata ba ta canza ba. Na tambaye ta me suka ce.

"Wata ƙaramar nas ce ta karɓa. Ta shiga ciki, ta ɗan jima, ta fito da takarda a hannu. Ta ce, Dona Osmarina, sakamako ya fito, ke agwagwa ce, kuma gishirinki bai ji ba."

Ta juya ta kalli rufin ɗaki.

"Ranar Alhamis zan koma. Ina so in san 'yar gidan waye."